Takardar da aka ce in yaga

Zuwa ga Hamma Bobboi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya, barci ne dai har yanzu yake gagarata.

Hamma, amana na ba ka da na ce ina ganin likitar masu damuwa a nan Alƙahira. Sai ga Inna ta bugo tana kuka, wai ka baza a Sabon Layi cewa na taɓu!

Ka san abin da matar nan take yi? Ba allura, ba ƙwaya, zama take ta saurare ni. Ita ta fara tambayata abin da na gani a hanyar Kwaja ranar da muka gudu daga Mubi. Ku kuwa shekara goma kuna toshe mini baki da "yi haƙuri".

Ta ce in zuba fushina a takarda, in yaga. Na zuba. Amma shirun ya ishe ni, shi ya sa ka gan ta a hannunka.

Ka gaida Inna. Allah ya huci zuciyata.

Ƙanwarka,
Juwairiya