Turkawa Sun Yi Mini Tayin Aiki

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina gajiya? Yaya jikin Inna? Ina Malam da yara? Ni lafiya lau, sai kewa.

Makon jiya biro, wato ofishinmu, ya tura ni birnin Lyon aikin tafinta. Jami'an Turkiyya da na Malesiya ne suka haɗu kan buɗe masaƙa tare, Turkawan na magana da Faransanci, 'yan Malesiyan da Ingilishi. Kwana uku bakina bai huta ba, amma ko kalma ɗaya ba tawa ba ce. Da suka sa hannu suka rungumi juna, muka yi Azahar sahu ɗaya.

Babban Turkawan ya ja ni gefe ya ce, "Sani, biyo mu Istanbul, aikin shekara biyar ne." Na ce sai na yi shawara da gida.

Na dawo ɗakina a Saint-Denis, ba wanda zan faɗa wa. Yaya, na yi wa Inna alkawarin dawowa Maraɗi bana. Ki gaya mini gaskiya, za ta iya jira?

Ki gaida kowa, ku sa ni a addu'a. Ki ɗauko mini muryar Inna a kaset, amma kada ki karanta mata wannan tukuna.

Ƙaninki,
Sani