Muryarka a Wayar Yaya Habu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ne a fili don waɗanda ya kamata su ji kunya su karanta, in akwai sauranta a idonsu.

Baba, ka zama gwarzo a Potiskum. Mutanen da suke ce maka dattijon banza mai kukan akuya, yau su ne ke cewa kai ka fara sa wa katun murya da Hausa a duk yankin nan, tun ana kallo a kaset. Har wanda ya hana 'ya'yansa zama a ƙofar gidanmu na ji yana rantsuwa wai amininka ne.

Amma duk ba su kai Yaya Habu ba. Ɗanka na fari, wanda a makaranta yake cewa babansa dillalin shanu ne don kada a yi masa dariya, yanzu ya sayi baƙin gilashi ya naɗa wa kansa sunan magajinka. Ya kwashi muryarka ya zuba wa manhajar kwamfuta mai kwaikwayo, duk abin da ya rubuta sai ta faɗa da bakinka. Aikin ke nan, yana kwance a kan katifa.

Na tuna yadda kake tafiya Kasuwar Shanu ba saye ba sayarwa. Ka zauna kusa da mahauta da direbobin tirela kana sauraron yadda Bafillace da Babarbare da Bangizime suke lanƙwasa Hausa, ka dawo da kashin shanu a takalmi Inna tana mita. Sannan ka shige ɗaki ka rufe taga da bargo, ka zama mutum goma.

Ka'idarka ɗaya ce, kowa ya sani. Malam Bunsuru, wawan katun ɗin, da tsantsar Hausarku ta Kano yake magana. Goggo Saniya mai hankali, wadda take fitar da kowa daga rami, ita ka ba wa Hausar Inna, mai ƙamshin yarensu na Karai-Karai. Kakan ce, "Wanda ya koyi harshenka don ya gaishe ka, ba shi ne wawa ba."

To Yaya Habu ya juya abin. Ya gano cewa a intanet an fi danna wa wulaƙanci hannun yabo. Yanzu bunsurun ne yake magana kamar Inna, yana tuntuɓe da kalmomi, da muryarka, mutane suna ƙyaƙyatawa. Ko kwaikwayon ma bai iya da bakinsa ba, sai da ya ari na mamaci.

Inna ta ji a wajen wani suna a Danchuwa, daga wayar wata yarinya. Mata suka yi ta dariya, wasu suna satar kallonta. Ita ba ta san na'ura tana ƙarya da muryar mutum ba, ta ɗauka tsohon aikinka ne da ka ɓoye mata. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce da ni, "Ashe haka yake jin maganata duk zaman da muka yi?" Daga ranar ta daina magana a cikin mutane, ko gaisuwa sai da kai. Baba, ban taɓa jin tsanar wani abu kamar yadda na tsani wayar nan ba.

Na yi mata bayani ba ta gamsu ba. Sai na zazzage kwalin kaset-kaset ɗinka, na aro bidiyo mai tari a wajen wani mai gyaran rediyo, na saka mata wanda Goggo Saniya take yi wa Bunsuru faɗa a kan cin dawar mutane. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa. Sannan ta ce, "Wannan ne mijina. Wancan na cikin waya ban taɓa zuba masa tuwo ba."

Jiya Yaya Habu ya zo neman sauran kaset ɗin, wai zai adana tarihi. Inna ta riga ta kulle su a akwatinta. Ka san ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma cika ɗaga ido ta dube shi ba. Jiya ta dube shi. Ta yi masa magana mai tsawo, a tsanake, da Karai-Karai zalla, yaren da ya ƙi koya don yana ganin ƙauyanci ne. Ya tsaya da gilashinsa a hannu yana tambayata me ta ce. Ban fassara masa ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da kowace dariyar da ka ba yara ba tare da ka tozarta uwar kowa ba. Shi kuma Allah Ya shirye shi, in mai shiryuwa ne.

Inna tana tsakar gida yanzu tana yi wa maƙwabta surutu, har waje ana jinta.

'Yarka,
Hajara