Na Kashe Motarmu da Hannuna Don In Huta Ranar Asabar

Gwaggo mai shawara, don girman Allah ki taimake ni. Na ɗaure kaina da kaina, yau kwana huɗu ina neman bakin zaren na rasa, kuma ba maganar da zan iya kai wa abokan aiki ba ce, dariya za su yi mini.

Ni direban bas ne a cikin gari, shekara goma sha bakwai a kan layi ɗaya. Daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa babban asibiti, a juyo a sake. Kwana shida a mako. Duk ramin da ke titin nan na san ranar da aka haife shi. Asabar kaɗai nake hutu, kuma Asabar ɗin ce ta zame mini matsala.

Bari in fara da matata, kada ki ɗauka ƙararta na kawo. Mahaifiyata, Inna, tana gidana shekara huɗu ke nan, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Matata ce ke mata komai: wanka, juyi a kan gado, magani, abinci a baki, har kai ta bayi. Ko sau ɗaya ban ga ta ɓata fuska ba. Inna tana da wata 'yar ƙararrawa a gefen matashinta, in ta kaɗa, ko mene ne a hannun matata sai ta ajiye. Ƙanwata ce ke zuwa ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa biyar ta zauna da Inna, don haka ranar ce kaɗai matata ke ganin abin da ke bayan ƙofar gida.

Ita ta ƙirƙiro fitar Asabar. Da farko abin daɗi ne, mu da yaranmu biyu, 'yar farinmu da Auta. Sannu a hankali ya koma doka. Tun ranar Laraba za ki ga takarda a jikin firij an rubuta inda za a je: gidan tarihi, gidan namun daji, wurin shaƙatawa na bakin ruwa, daga nan a biya gidan abinci. Garin nan fa ba wani babba ba ne, Gwaggo. Gidan tarihi mun shiga ya fi sau ashirin. Mai yankar tikiti ya daina tambayar mu nawa ne. Tsofaffin tukwanen da ke cikin gilashi zan iya yi wa baƙi bayaninsu ido rufe. A gidan namun daji akwai wata jimina mai ɗingishi, na rantse in ta hango ni sai ta kau da kai, ita ma ta gaji da ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, a farfajiyar gidan tarihin an girke wata tsohuwar bas marar taya. Duk zuwa sai yaran nan sun ce Baba hau ka riƙe sitiyari mu ɗauke ka hoto. Ki duba fa. Ranar hutuna, a motar da ko tafiya ba ta yi, nan ma ni ne direba. Kuma sai na yi murmushi.

Su fita suke gani, ni titi nake gani. Shataletalen da na zagaya sau goma sha biyu jiya, shi zan sake zagayawa yau, cunkoso ɗaya, masu babur ɗaya. In sauke su a bakin ƙofa, in yi ta yawon neman wurin ajiye mota, kafin in shigo sun gama ɗaki biyu. A gidan abinci kujerar da ke kallon taga nake zaɓa don in riƙa hango motar, kada wani ya goge ta. Gwiwata ta hagu tana zogi saboda kuloci, bayana kuwa ba a magana. Ba wani abu nake nema ba a duniya illa in kwanta a kan dardumar falo, in ɗora ƙafafuna a kujera, in wuni ban ji ƙarar inji ba.

Na taɓa gwada faɗa. Wata Asabar na ce mata ko za mu huta wannan makon. Ta ce "to." Shi ke nan, to. Ta cire mayafinta ta ninke a hankali ta ajiye a bakin gado. Wallahi gara a ce faɗa ta yi. Ban san lokacin da na ɗauko makulli ba. Kuma ba mai karɓata a sitiyari, don ita ba ta iya tuƙi ba. Ta taɓa cewa in koya mata shekara biyu da suka wuce, na yi dariya na ce direba ɗaya ya ishi gida ɗaya, maganar ta wuce.

To ga abin da na aikata. Mako uku da suka wuce, ranar Asabar da safe suna ta shiri, na fita in ɗumama mota. Ina zaune sai hannuna ya tafi ƙarƙashin sitiyari, na buɗe ɗan akwatin fiyus, na zare na famfon mai. Ɗan abu ne shuɗi, bai kai farcen babban yatsa ba, amma in babu shi inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba. Na jefa shi a ƙaramin aljihun wandona. Da suka fito na murɗa makulli sau uku a gabansu, na buɗe bonet, na yi tsaki, na girgiza kai na ce famfon mai ne ya tafi. Wa zai yi wa direba musu a kan mota? Auta ya yi kuka, suka koma ciki suka canza kaya. Ni kuwa na yi barcin awa huɗu a kan dardumar nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, barcin ya yi daɗi.

A ranakun aiki da ƙafa nake zuwa tasha, don haka motar ta zauna ba wanda ya matsa. Asabar ta biyu na ce kayan gyara bai iso ba. Ƙanwata ta ce tunda muna gida bari ta je ta yi wankinta, ta tafi kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Asabar ta uku ko zuwa ba ta yi ba. Ban yi wannan lissafin ba, Gwaggo, Allah ya sani. Matata ta yi wa Inna wanka da juyi ranar Asabar kamar kowace rana.

A Asabar ɗin ta uku na farka da rana na ji gidan tsit. Na shiga kicin shan ruwa, na leƙa ta taga, sai na hango matata a cikin mota. Ta sa kayan fitarta, har da jakarta a cinya, ta rufe ƙofofi, tana zaune tana kallon bangon gida. A kujerar direba take, ina jin don inuwa ta fi yawa a wannan ɓangaren. Ta kai minti ashirin a haka. Sai Inna ta kaɗa ƙararrawa. Ta fito, ta kulle motar, ta shiga ɗaki ta sauya kaya, ta je. Ni kuma na koma na kwanta na rufe ido kamar ban tashi ba. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Na yi niyyar mayar da fiyus ɗin, sai na neme shi na rasa. Ranar Larabar nan na dawo daga aiki na tarar da shi a cikin ɗan farantin da muke ajiye makullai, kusa da makullin motar. Ta yi wanki ke nan ta gan shi. Ta kawo abinci, ta tambaye ni gwiwa, ta shafa wa Inna magani. Amma takardar jikin firij babu ita, kuma ba a maƙala wata ba.

Kwana huɗu ke nan yana cikin farantin, ni ban taɓa ba, ita ba ta taɓa ba. Wata Asabar ta sake wucewa ba wanda ya ambaci fita. Wani lokaci in ce ƙila ba ta san ko mene ne ba, ta ɗauka wani tarkace ne. In na mayar da shi a ɓoye na ce an gyara, na koma kurkukuna har abada. In na faɗa mata gaskiya, da wane ido za ta riƙa kallona, matar da ke ɗaukar mahaifiyata a hannu? Ina tsoron na ɓata abin da ba zai gyaru ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Direban da ya gaji

*

Ɗana direba,

Ta sani. Mu fara cire wannan daga hanya. Matar da ta yi shekaru tana wanke wandon direba ta san fiyus in ta gan shi. Da tarkace ta ɗauke shi, da yana kwandon shara ko gwangwanin maɓallai. Kusa da makullin mota ta ajiye shi. Ta gama tata maganar, kai take jira.

Gajiyarka gaskiya ce, ban raina ta ba. Mutumin da ke ɗauke da rayukan jama'a kwana shida yana da haƙƙin ya miƙe bayansa a na bakwai, kuma direban da ba ya hutawa haɗari ne ga kowa. Ita ma tana da nata rabon a wannan rikici. "To" ɗin da take faɗa tana ninke mayafi ba amsa ba ce, tana rufe maka baki ne ba tare da ta buɗe nata ba. Da ta ce maka ƙirjinta zai fashe in ba ta fita ba, da kun daɗe da samun mafita.

Amma kai ka fi laifi, kuma ka sani. Hutun da ka yi ba daga kamfaninku ka karɓo shi ba, daga hannunta ka fizge. Awa takwas take da su a mako, sauran duka na 'yar ƙararrawar nan ne, kuma mai kaɗa ta mahaifiyarka ce. Kana cewa gidan tarihi ya ishe ka. Kana tsammanin ita tukwanen take zuwa gani karo na ashirin? Tana zuwa ne inda ba wanda zai kira ta.

Kada ka mayar da fiyus ɗin a ɓoye. In ka yi haka ka ɗora ƙarya ta biyu a kan ta farko, a gaban wadda ke kallonka. Ka ɗauke shi daga farantin a gabanta, a ranar aiki, ba safiyar Asabar ba, ka ce mata ni na cire, na yi miki ƙarya, na cuce ki, ki yafe mini. Ka tsaya a nan. Kada ka liƙa "amma" a wutsiyarsa. Zancen gwiwa da baya ka bar shi sai ta gama faɗar nata, ko da za ta yi kuka, ko da za ta yi kwana biyu ba ta sake maka fuska ba. Ka kuma gaya mata ka gan ta a cikin motar ranar nan. Zai yi maka nauyi a baki, amma shi zai nuna mata ka fahimci abin da ka ɗauke mata.

Bayan haka ka kira ƙanwarka da kanka. Ka gaya mata zuwanta na Asabar ba na mota ba ne, na matarka ne, ko ana fita ko ba a fita. Sannan ku raba Asabar ɗin. Ba dole kowace fita sai da kai ba. Wata su hau motar haya ita da yara, wata ta fita ita kaɗai ta ga 'yan'uwanta, kai kana kan dardumarka. In ƙanwarka ta samu uzuri, kai ne mai amsa ƙararrawa ranar, don Inna taka ce kafin ta zama ta kowa.

Saura magana ɗaya, wadda ka rubuto da hannunka ba ka gan ta ba. Ka ce a kujerar direba ta zauna saboda inuwa. Haba ɗana. Mota tana da kujera biyar, ta tsallake wadda ta saba zama a kai shekara da shekaru ta zaɓi wannan. Shekara biyu da suka wuce ta roƙe ka abu ɗaya, ka yi dariya. Mai karɓarka da kake cewa babu, tana gidanka, kai ka hana ta. Ka sa ta a makarantar koyon tuƙi, a ranakun da ƙanwarka take nan. Ban ce ka koya mata da kanka ba, na san ku direbobi, kafin ta kai bakin layi ka yi mata tsawa sau goma.

Zai ɗauki watanni, kuma za ta goge maka gefen mota ko sau ɗaya ne, ka shirya haƙuri. Amma ranar da za ku koma gidan tarihi, ka zauna a kujerar gefe, ka miƙe gwiwarka, ka kame bakinka. In yaran suka ce a hau tsohuwar bas a ɗauki hoto, ka karɓi wayar ka ce yau mamarku ce direba.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka wa matarka da alheri, kai kuma ya ba ka ƙarfin halin miƙa hannu cikin farantin nan yau.

Gwaggo