Inna Ta Riga Mu Isa Farin Ruwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti Maryam da yara? Mu nan Tudun Ƙofa lafiya lau, alhamdulillahi.

Albishirinka, Inna ta fita! Ka san tun rasuwar Baba ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Da hutun Ista yarana suka dame ni sai an kai su yawon buɗe ido, ga aljihu ba nauyi. Maƙwabcinmu Emeka makanike ya kai mu Farin Ruwa, inda ruwa ke kwararowa daga kan dutse, a bas ɗinsa, mai kawai muka zuba, muka tafi da dambunmu da zoɓo.

Inna ta ce ita gadin kuloli za ta yi a mota. Tana jiyo ƙarar ruwan sai ta sauko ta kama hanya, muna bin ta muna haki. Feshin ruwa ya jiƙa ta sharkaf, tana ta dariya har da hawaye. Yaya, rabona da jin dariyar nan tun Baba na da rai.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Inna ta gode da sandar da ka aiko, amma ta ce nan gaba takalmin hawan dutse take so.

Ƙanwarka,
Hadiza