Na Samu Tafiya Karatu Waje, Inna Ta Ƙi Cewa Uffan

Assalamu alaikum Hajiya Nana Hadiza. Don Allah ki taimaka min da shawara, ki kuma daure ki sa wasiƙata a gaba, domin lokaci ya ƙure min. Rabona da in zauna wuri ɗaya hankali kwance har na manta. Jiya ma a aji darasin makon jiya na rubuta a allo, sai da yara suka fara ƙus-ƙus suna dariya sannan na farga.

Ni malamar makaranta ce a nan Dutsin-Ma, ina koyar da bayoloji a sakandaren 'yan mata. Bara wata abokiyar aikina ta turo min sanarwar wani shiri na musayar malamai, irin wanda ake kai malami wata jami'a a Turai ya yi 'yan watanni yana ƙaro ilimi, ya shiga makarantunsu ya ga yadda suke koyarwa, sannan ya dawo gida. Su ke ɗaukar nauyin komai. Ni dai na nema ne kawai don kada ta ce na raina ta. Aka kira ni ganawa ta bidiyo, na yi ta a ofishin shugabar makaranta, sabis yana ta yankewa, awaki suna kuka a bayan taga. Na fito na ce shi ke nan, an gama da ni. Ashe sun ɗauke ni! Yanzu sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba su ba mai bi mini.

Maigidana Malam Ja'afar ya amince, shi ya ma fi ni rawar kai, har ya fara tambayar inda ake sayar da rigar sanyi. Akwai wasu malamai mata da za mu tafi tare. Yaranmu za su zauna wurin mahaifiyarsa, dama gida ɗaya muke. Shugabar makaranta ta ce za ta tsaya min a kan hutun karatu. Kowa ya yarda, saura mutum ɗaya, ita ce kuwa mahaifiyata.

Hajiya, ni 'yar fari ce, Inna kuma Bafillatana ce irin ta da. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In ya zama dole ta ambace ni, sai dai ta ce ta Dutsin-Ma. Yanzu a cikin garin Kurfi suke, tun da zaman rugarmu ta wajen Barkiya ya gagara. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta, hira ta ƙare. Na san ba ƙi ba ne, kunya ce. Ana yaye ni aka ba Goggo Hassana, ƙanwar babanmu, ita ta raine ni a nan Dutsin-Ma ta sa ni makaranta. Duk wata magana tsakanina da Inna ta bakin Goggo take bi. Zancen kwaleji, zancen aurena, har sunan da aka sa wa ɗana, Goggo ce ke hawa mota ta je Kurfi ta dawo min da amsa. To Goggo ta rasu bara da azumi. Babanmu kuwa ya daɗe da rasuwa.

Ga inda na tafka ta. Saƙon ɗaukata ya shigo wayata ne ranar sunan ɗiyar ƙanena Hamma, muna Kurfi, tsakar gida cike da mata. Murna ta ɗebe ni, na manta ko ni wace ce. Na ratsa mutane na je gaban Inna na tsaya ƙerere, na kai mata waya kusa da fuska, ina faɗa da ƙarfi an ɗauke ni, za ni ƙasar waje, ta sa min albarka. Wayyo Hajiya! Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba har muka taho. Na ji wata tsohuwa tana cewa boko ya cinye min kunya. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Tun ranar ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Na koma, na sake komawa. Na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, na yi ta zama baki ya ƙi buɗuwa, na taso. Na sa Hamma ya tambaye ta, ta ce ya tashi ya ba maruƙa ruwa. Akwai ƙanenta Kawu Lawal, amma ba na son ya shiga, don shi ko Katsina mace za ta je sai ya yi wa'azi.

Abin da ya ƙara ɗaga min hankali, ƙanwata Batula ta kira ni ta ce Inna ta daina kai nono kasuwa. Matar da ko zazzaɓi take yi sai ta ɗauki ƙwarya, ita da aminiyarta Inna Mairama, tun suna 'yan mata tare suke tafiya! Yanzu Inna Mairama ita kaɗai ke zuwa. Inna tana gida, duk abin da aka tatso daga 'yan shanun da suka rage sai ta kaɗa ta cire mai, ta soya da albasa, ta zuba a gwangwani ta tura ƙarƙashin gado. Batula ta tambaye ta na wane ne, wai na wata ne da sanyi ke saurin kama mata ƙirji. Hajiya, ni ce mai irin wannan ƙirjin tun ina ƙarama. Wata zuciyar ta ce guzuri take min. Wata ta ce kar ki ruɗi kanki, kunyata ta kika yi a gaban mata shi ya sa ba ta iya fita, kuma ai matar Hamma jego take, ita ma tana tari.

Malam Ja'afar ya ce tunda ba ta hana ba ai ta yarda, in amsa kawai. Abokiyar aikina ta ce in na bar damar nan ta wuce ba ni ba ita. Ni kuma wallahi ina son tafiyar nan, ba zan ɓoye miki ba. Shekara da shekaru ina zana ƙwayar halitta a allo da alli, ina so in ga yadda wasu ke koyar da ita in dawo wa yaran nan da shi. Amma ba zan iya hawa jirgi ban san ko mahaifiyata fushi take da ni ba. Ta tsufa fa. In wani abu ya faru ina can? In amsa musu ne ko in haƙura? In kuma tambayarta zan yi, da wane bakin?

Taki cikin damuwa,
'Yar Fari, Dutsin-Ma

Wa alaikumus salam Malama. Da farko barka da arziki, Allah ya sanya alheri. Yanzu ki zauna, ki sha ruwa, mu bi abin a hankali.

Kin yi kuskure ranar suna, wannan babu ja. Amma ki san iyakarsa. Ba ki zage ta ba, ba ki saɓa mata ba, murna ce ta yi miki yawa. Ki dubi abin ta wajenta kuma. Tun kafin ki yi wayo take riƙe da kunyar nan, mata suna ganin girmanta a kai, rana ɗaya kika ce ta sa miki albarka da baki a gabansu duka. Ko da farin ciki ya cika ta, ba ta da abin yi sai tashi. Korar Hamma ma kar ta dame ki. Ƙanenki ne, ba za ta zauna tana zancenki da shi ba.

Maigidanki yana da gaskiya, ba ta hana ba. Ke ma kina da taki, don ba a barin uwa a kan zato. A ganina yardar Inna tana nan inda take, Goggo kika rasa, Allah ya jiƙanta. Ina kuma jin Inna ma ta rasa ta, tana da magana a ciki ba ta da mai kai mata.

Ki nemi wadda za ta tsaya a matsayin Goggo, kin ma faɗi sunanta da kanki. A cikin makon nan ki riƙi goro da sabulu ki je gidan Inna Mairama. Ki fara da ban haƙuri a kan ranar suna. Sannan ki yi mata bayani dalla-dalla: wata nawa za ki yi, da su wa, yara suna wurin wa, maigida ya yarda, kuma dawowa za ki yi. Iyayenmu da yawa in suka ji ƙasar waje, ɗauka suke an tafi ke nan. Daga nan ki bar su su biyu. Kawu Lawal a sanar da shi bayan an gama, cikin girmamawa, kar ya ji a bakin mutane.

Masu shirin kuma kar ki bar su cikin duhu. Gobe ki rubuta musu kina so, kina kammala maganar gida ne, ki tambaye su ko ana ɗaga wa mutum tafiya in ta kama. In Inna ta ce a'a, a tambayo dalili, don sau da yawa tsoro ne da bayani ke kawarwa. In ta tsaya a kan a'a, ki sanar da su da wuri a ba wani, ki haƙura ki nemi wani zagayen. Tsufanta kuwa, kwana na Allah ne, kina Dutsin-Ma ko kina Turai. Ki riƙa kiran wayar Batula ta ajiye kusa da Inna, ki gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙwaryarta kamar kullum.

Sai maganar man shanu. Ni dai a sanina mai jego a miya ake zuba mata, ba a tura mata shi ƙarƙashin gado. Matar da ba ita ta raine ki ba, ba ta kiran sunanki, amma har yau tana riƙe da ciwon ƙirjinki, ta faɗi iya abin da za ta iya faɗa. Duk da haka ki jira ki ji daga bakin Inna Mairama.

Ki kuma sani da wuya a bar ki ki shiga ƙasar mutane da man shanu, ki tambaya tukuna. Saboda haka in gwangwanin ya iso hannunki, kar ki adana shi sai ranar tafiya. Ki je Kurfi, Batula ta tuƙa tuwo, ki zauna a bakin ƙofar nan da kika saba durƙusawa, ki zuba man a miya ki ci inda za ta gan ki. Kar ki yi godiya da baki, kar ki kalle ta. Ki cinye ki suɗe kwanon, za ta ji ki.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke ki same ta lafiya.