Airis Ɗin Baban Yusra

Woolwich, 20 ga Oktoba

Yaya Zarah,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kina lafiya, da yara, da ƙafar nan taki mai hana ki sakat. Mu dai mun gode Allah.

Maigidana Baban Yusra yana nan yadda kika sani tun da jikinsa ya shanye: hannun hagu kawai ke motsi, magana babu. Mun kai gadonsa falo, jikin tagar da ke kallon bayan gida. Na gaji, Yaya. Ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Kin tuna ɗan lambunsa? Rabinsa inuwar bishiyar maƙwabta ta cinye, nan ya shuka hosta mai faffaɗan ganye, dodon-koɗi na ta kiwo a kai. Inda rana ke leƙowa kuma ya jera wata fulawa, airis, wadda shekara tara yana tarairayarta kamar shi ya haife ta. A watan Mayu take fure, shuɗi. Abin da yake jira ke nan, don ba ya kallon komai sai wurin.

Makon jiya na duba, sai ga saiwoyinta a waje tsirara kamar citta, ga sanyi na tafe. Na ce Baban Yusra dai likita ne, noma sai 'yar manomi. Na yi musu huɗa yadda Baba ke yi wa dankali, na binne su da kyau. Yana ta buga gilashin taga ina ɗaga masa hannu, na san godiya yake.

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Zinatu

Woolwich, 9 ga Yuni

Yaya Zarah,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya zafin Kano?

Mayu ya zo ya wuce, ko fure ɗaya. Hosta ta yi bul, airis kuwa 'yan ganye rawaya. Kullum da safe sai na tayar da shi zaune, ya duba, ya mayar da kai.

Maƙwabcinmu Dachung, dattijo ne mutumin Jos, ya leƙo ta kan shinge ya ga tudun da na yi, ya riƙe baki. Ashe ita wannan fulawar ba a rufe mata saiwa. Sai rana ta gasa bayanta take fure, in an binne ta a ƙasar nan mai danshi ruɓewa take. Da gangan Baban Yusra ya bar su a waje. Ba godiya yake yi ba ranar nan, Yaya, hana ni yake, ni kuwa ina yi masa murmushi. Na yi kuka har na gode Allah.

Da hannu na tone su, yana kallo ta taga. Yawancinsu sun narke, sai wari. Uku suka tsira. Na shiga na nemi gafararsa, ya kama yatsuna ya daɗe bai saki ba.

Dachung ya ce ukun za su yi fure, amma sai baɗi in an yi sa'a. Ban gaya wa Dachung ɗin cewa 'yan'uwan Baban Yusra sun yanke shawarar a mayar da shi gida ba. Yusra ta riga ta yi mana booking ɗin tikitin jirgi, huɗu ga Satumba, na tafiya kawai ba dawowa.

Ki sa a share mana ɗakin ƙasa.

Taki har kullum,
Zinatu