Maɓallin da Na Murɗe

Daren Laraba, Kalgo.

Yau Malam Bello mai gyara ya duba rediyon oba-oba da na saya don magana da ƙanena Sani a Masama, inda waya ba ta kamawa. Ya taɓa maɓallin hagu ya ce, "Alhaji, wa ya murɗe wannan har ƙarshe?"

Ni ne. Ƙarar shuuu ɗin da yake yi ce ta dame ni, na murɗe shi har ta mutu. Ni da na tayar da shago da hannuna, wa zan tambaya?

Ya ce in an murɗe shi haka, muryar nesa ba ta shigowa.

Ashe shi ya sa kwana biyu Sani yana kirana ban ji ba, Innarmu na kwance ba lafiya tana nemana. Ko da na isa Masama ta rasu, an riga an rufe ta.

Sani yana zaton rediyon ne ya lalace. Gobe zan gaya masa gaskiya.